Na'ura ta yanke ko mutum ya sa hannu? Zaɓin da ke gaban shugaban tsaron intanet

Duk wanda aka damƙa wa tsaron kwamfutocin banki, ko asibiti, ko jami'a, ko kamfanin tura kuɗi ta waya, akwai ranar da dillalan manhajar tsaro za su zauna a ofishinsa su nuna masa maɓalli guda. Idan ya kunna shi, manhajar za ta riƙa ɗaukar mataki da kanta: ta cire kwamfutar da ta ga alamar kutse daga layi, ta rufe akawun ɗin ma'aikaci, ta tsayar da kuɗin da ake turawa, ta toshe asusun kwastoma. Idan ya bar shi a kashe, iyakarta gargaɗi, sai wani ma'aikaci ya duba ya ce a yi ko a bari. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shiga cikin waɗannan manhajoji, dillalai sun ƙara ƙarfin gwiwar cewa a kunna kawai. Sau da yawa ana barin wannan shawara ga injiniyoyi kamar dai batun saiti ne. Ni kuwa ina ganin babu shawarar da ta fi ta zama ta shugaba, domin ita ce ke tantance wanda zai ɗauki asara ranar da aka yi kuskure.

Hujjar masu cewa a sakar wa na'ura mara tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Ginshiƙinta shi ne sauri. Kamfanin CrowdStrike, wanda ke bin diddigin hare-hare a duniya, ya ce a 2024 matsakaicin lokacin da mai kutse ke ɗauka daga shiga kwamfutar farko zuwa tsallakawa ta biyu minti 48 ne, mafi saurin da suka gani kuma daƙiƙa 51. A cikin minti 48 ma'aikacin da ke gida bai gama neman cajin wayarsa ba, balle ya kira oga ya sami izini.

An ga abin da jinkiri ke haifarwa a kantunan Target na Amurka a ƙarshen 2013. Masu kutse sun shiga ta hannun wani kamfani da ke kula musu da na'urorin sanyaya wuri, suka dasa manhajar satar bayanai a injinan karɓar kuɗi. Target na da manhajar tsaro ta FireEye mai tsada, kuma ta yi aikinta, ta buga gargaɗi. Ma'aikatan sa ido a Bangalo ta Indiya sun gani, suka sanar da hedikwata a Miniyafolis. Ba a yi komai ba. Rahotannin da suka fito daga baya sun nuna manhajar na iya goge cutar da kanta, amma an kashe wannan ɓangaren saboda ana son mutum ya riƙa yanke hukunci. Bayanan katin banki kusan miliyan 40 suka tafi, shugabar sashen fasaha ta ajiye aiki a Maris 2014, shugaban kamfanin ya bi ta a watan Mayu. Wannan shi ne labarin da kowane dillali zai ba ka, kuma gaskiya ne.

Harin NotPetya na 27 ga Yuni 2017 ya fi haka muni. Ya fito ta wata manhajar lissafin haraji ta Yukiren, ya mamaye kamfanin jiragen ruwa na Maersk cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, ma'aikata na gudu a ofisoshi suna zare wayoyin kwamfuta da hannu. Sai da suka sake gina manyan kwamfutocin ajiya 4,000 da kwamfutocin tebur 45,000 a cikin kwana goma, asarar ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ya cece su ya fito ne daga Afirka ta Yamma: ɗauke wuta ya sa babbar kwamfutar wani ofishinsu na can ta kasance a kashe lokacin harin, ita kaɗai ta tsira da kundin sunaye da izinin shiga na duk kamfanin. Wato abin da ya yi aiki shi ne raba na'ura da layi kafin cuta ta iso, kuma a irin wannan gudu babu ɗan Adam da zai iya yin hakan da gangan. Manhaja ce kaɗai ke iyawa.

A nan gida akwai ƙarin dalili. Ƙwararrun tsaron intanet ba su da yawa, waɗanda suka goge kuma da dama sun fice waje ko suna yi wa kamfanonin ƙetare aiki daga ɗakinsu. Ƙaramin bankin al'umma ko asibiti mai zaman kansa ba zai iya ajiye mutane uku suna karɓa-karɓa dare da rana ba. Ɓarayin intanet kuma sun san kalanda. Daren Juma'a, hutun Sallah, ƙarshen shekara, nan suke kai hari, lokacin da ofis ya zama kufai.

To, sai ɗaya gefen. Ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024, CrowdStrike ɗin nan ya tura wata ƙaramar sabuntawa zuwa kwamfutocin abokan cinikinsa, kai tsaye, ba tare da jiran amincewar kowa ba, kamar yadda aka tsara don a riƙa riga masu kutse. Akwai aibi a cikinta. Cikin minti 78 suka janye ta, amma aikin gama ya gama: Microsoft ta ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 masu Windows sun durƙushe. Filayen jiragen sama, asibitoci, bankuna, gidajen talabijin, duk suka tsaya. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 a cikin kwana biyar. Abin lura shi ne gyaran bai yiwu daga nesa ba. Sai da ma'aikata suka bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu. Saurin da ake yabon na'ura da shi wajen kariya, da shi take yaɗa kuskurenta, kuma abin da ta ɓata cikin awa guda mutane ne ke kwana suna gyarawa.

Amma kwamfuta idan ta mutu ana tayar da ita. Inda hankalina ya fi tashi shi ne inda hukuncin na'ura ke sauka a kan mutum. A Holan, hukumar haraji ta yi amfani da tsarin auna haɗari don gano masu zamba a tallafin renon yara. Cikin abubuwan da tsarin ya ɗauka a matsayin alamar haɗari har da zama ɗan ƙasa biyu. An zargi iyaye kusan 26,000 bisa kuskure, aka tilasta musu mayar da kuɗi masu yawa, gidaje suka watse, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. A Birtaniya, manhajar lissafi ta Horizon ta riƙa nuna giɓin kuɗi na ƙarya a ƙananan gidajen waya, aka gurfanar da masu kula da su sama da 900 tsakanin 1999 da 2015, wasu suka yi zaman kurkuku, shugabanni na ta nanata cewa kwamfuta ba ta ƙarya. Ba sashen tsaron intanet ne ya yi waɗannan ba, amma irin kayan aikin ne da ke kan teburin masu yaƙi da zamba a bankunanmu yau: manhaja ta ba mutum maki, makin ya zama hukunci.

Mu kawo shi kusa. Ɗauki ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Asusunsa na iya yin wata huɗu shiru, da kaka ta zo sai miliyoyi su riƙa shiga suna fita a rana ɗaya, wasu daga masu POS goma daban-daban, wasu zuwa ƙauyukan da bai taɓa tura kuɗi ba. Ɗansa ne ke danna masa wayar, kuma a wayar nan akwai asusun mahaifiyar yaron da na kawunsa. Sunansa a BVN Mohammed, a NIN Muhammad. Jiya yana Kano, yau layinsa ya nuna Maraɗi saboda ya tsallaka ta Jibiya duba kaya. Ga manhajar da ta koyi abin da ake kira halin kwastoma na ƙwarai daga masu albashin wata a manyan birane, ko ma daga bayanan wata ƙasa, kowane ɗaya daga cikin waɗannan alamar asusun wanke kuɗin sata ce. Haka uwar adashi da ke karɓar ƙananan kuɗi daga mata talatin ta tura wa mace ɗaya a dunƙule. Idan an kunna maɓallin nan, za a sa wa asusun PND, wato a hana fitar da kuɗi daga cikinsa, da yammacin Juma'a, motar masara na tsaye, direba da 'yan dako na jiran sallama. Ranar Litinin ya je reshe, yarinyar da ke kanta ta duba allo ta ce, “Alhaji, wallahi ba daga nan ba ne, sistem ne, sai hedikwata.” Ba ƙarya ta yi ba. Babu wanda ya yanke hukuncin a reshen, babu mai ikon warware shi, babu ma wanda zai iya faɗa masa laifinsa.

Ga bankin, wannan ƙaramin kuskure ne da ba zai bayyana a rahoton wata ba. Rahoton zai nuna zambar da aka tare, ya yi shiru a kan mutanen kirki da aka tare tare da ita. Nan ne ainihin bambancin hanyoyin biyu ta fuskar amana: jinkirin mutum kamfani ne ke biyan kuɗinsa, kuskuren na'ura kuwa galibi kwastoma ko ƙaramin ma'aikaci ne ke biya. Shugaban da bai yi hattara ba zai karkata ga hanyar da asararta ba ta zuwa teburinsa, ya ɗauka ƙwarewa ce.

Akwai hanya ta uku da mutane da yawa ke faɗawa ciki suna zaton sun haɗa alherin biyun, alhali ita ce mafi muni. A takarda an rubuta cewa mutum ne ke amincewa da kowane mataki. A zahiri yaro ɗaya ne ɗan bautar ƙasa ko sabon ɗauka, gargaɗi ɗaruruwa na jiransa, ana auna ƙoƙarinsa da yawan waɗanda ya rufe a rana. Zai danna amincewa ne kawai, domin bai da lokacin bincike, manhajar ba ta gaya masa dalilinta ba, kuma ya san idan ya saɓa mata aka yi asara shi za a kora, idan ya bi ta aka zalunci wani babu mai tambayarsa. An rasa saurin na'ura, ba a sami hankalin mutum ba, an dai tanadi wanda za a ɗora wa laifi. Shugaban da ya tsara haka ya san abin da ya yi.

Kada kuma a ɗauka sa hannun mutum shi kaɗai kariya ne. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniya na Arup a Hon Kon ya shiga taron bidiyo, ya ga fuskar babban jami'in kuɗi da wasu abokan aiki, ya ji muryoyinsu, ya tura kuɗi sau 15 da suka kai kusan dala miliyan 25. Duk fuskokin na jabu ne, ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa su. Ido da kunne sun daina zama shaida. Abin da ke hana irin wannan shi ne ƙa'ida: a kashe kiran a sake kira ta lambar da aka sani, mutum biyu su sa hannu a kan babban kuɗi, kuma ƙaramin ma'aikaci ya san ba za a ci masa mutunci ba idan ya ce wa oga, “Ranka ya daɗe, a bari in tabbatar.” Wannan na ƙarshe ba a sayensa a wurin dillali. Shugaba ne ke gina shi da yadda yake amsawa ranar da aka jinkirta masa aiki.

Batun kuɗi ba shi da tsawo. Lasisin manhaja da dala ake biya, albashi da naira, don haka arahar da ake faɗa ta na'ura ta dogara da farashin canji na ranar sabunta kwangila. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne ƙwarewa. Idan manhaja ta ɗauke duk ƙananan ayyuka, sabbin ma'aikata ba su da inda za su koyi karanta alamun kutse, bayan shekara biyar ba ka da wanda zai gane lokacin da ta yi kuskure. Kamfanin alminiyam na Norsk Hydro a Norwe, da aka yi garkuwa da bayanansa a Maris 2019, ya ƙi biyan fansa, ya riƙa bayani ga jama'a a fili, ya ci gaba da aiki da takarda da biro a masana'antu da dama. Ya yi asarar kimanin dala miliyan 70, amma ya iya tsayawa saboda akwai mutanen da ba su manta yadda ake aikin da hannu ba.

Doka ma ta riga ta yi magana. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, a sashe na 37, ta ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai babban tasiri a rayuwarsa ta hanyar na'ura zalla, kuma inda aka halatta hakan, yana da haƙƙin neman mutum ya sake duba lamarin, ya faɗi ta bakinsa, ya ƙalubalanci hukuncin. Dokar ta kuma ba da awa 72 a sanar da Hukumar Kare Bayanai idan an yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Tun 2018 Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna naɗa babban jami'in tsaron bayanai, ya ɗora alhakin tsaro a wuyan hukumar daraktoci. Akwai kuma abin da ake mantawa: yawancin waɗannan manhajoji na kwashe bayanan motsin ma'aikata da kwastomomi zuwa rumbunan ajiya a ƙetare, kuma dokar ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane daga ƙasa. Wanda ya sa hannu a kwangilar shi za a tambaya.

Wanda ke tunanin zai ɓuya a bayan tsari ya tuna da Joe Sullivan, tsohon shugaban tsaro na kamfanin motocin haya na Uber. A 2016 an sace bayanan mutum miliyan 57, aka biya masu kutsen dala 100,000 da sunan ladan gano aibi, aka sa su rattaba hannu kan yin shiru, alhali hukumar kula da kasuwanci ta Amurka na cikin binciken wani kutse na baya. A Oktoban 2022 kotu ta same shi da laifi, shi a karan kansa. Na kawo shi nan ne saboda jarrabawar iri ɗaya ce. Ranar da manhajarka ta toshe asusun mutane dubu bisa kuskure, ko ta bar ɓarawo ya wuce, za a sami mai ba ka shawarar a kira shi matsalar netwok a wuce wurin.

Ga yadda nake ganin a raba aikin. Kafin a ba na'ura kowane iko, a tambaya: idan ta yi kuskure, ana iya warware shi cikin mintuna? Kuma a kan wa kuskuren zai sauka, a kan ƙarfe ko a kan mutum? Maigadi yana da ikon rufe ƙofa da ya ji motsin da bai yarda da shi ba, ba sai ya tashi maigida ba, amma ba shi ne zai yanke cewa baƙon ɓarawo ne a kai shi caji ofis ba. Cire laftof ɗin ofis daga layi, tare saƙon imel mai ɗauke da cuta, toshe adireshin da aka san na masu kutse ne, tilasta sauya kalmar sirri, duk waɗannan a bar wa manhaja, dare da rana, kuma shugaban da ya hana ta wannan iko don tsoron ƙorafin manyan ofis yana maimaita kuskuren Target ne. Tsayar da tura kuɗi na ɗan lokaci ma a bar mata, da sharaɗin akwai agogo a kansa: a sanar da mai asusu nan take, cikin awoyi ƙalilan mutum ya duba, in ba haka ba maganar ta haura sama da kanta. Amma rufe asusu gaba ɗaya, dakatar da ma'aikaci saboda makin da manhaja ta ba shi, miƙa sunan wani ga EFCC, biyan fansa, da shawarar sanar da jama'a, waɗannan sai mutum mai suna da muƙami, wanda ya ga dalilan, yake da lokacin dubawa, kuma yake da ikon cewa a'a ba tare da ya rasa aikinsa ba.

Wurin aiki na sauya lissafin. Ƙaramin kamfani marar ma'aikatan dare ya fi buƙatar sakin na'ura a kan kwamfutoci, ko ya ɗauki hayar masu sa ido na waje, domin gargaɗin da babu mai karantawa bai da amfani. Asibiti kuwa dole ya ware wasu na'urori. Kwamfutar ɗakin gwaje-gwaje ko ta ɗakin tiyata ƙarfe ce, amma cire ta daga layi a tsakiyar aiki na sauka a kan marar lafiya, don haka tana cikin waɗanda sai an kira mutum. Haka na'urorin sarrafa wuta ko ruwa. Sabuntawar manhajar tsaro kuma a riƙa sakinta kashi-kashi, a fara da kwamfutoci kaɗan, wanda shi ne gyaran da CrowdStrike da kansa ya ɗauka bayan abin da ya faru.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kafin a kunna komai a bar manhajar ta yi aiki a matsayin mai kallo kawai, tana rubuta abin da da za ta yi ba tare da ta yi ba. Lokacin gwajin ya ratsa ƙarshen wata, da kaka, da Sallah, da lokacin biyan kuɗin aikin Hajji, domin a nan ne halin kuɗin mutanenmu ke sauyawa. Sannan a zauna a ƙirga mutanen kirki nawa da ta toshe, a rarraba su reshe-reshe. Idan rassan Kano, Funtuwa da Mubi sun ninka na Ikko a gargaɗin ƙarya, matsalar na cikin abin da aka koya mata, kuma dillalin da ya kasa bayyana da irin bayanan da aka horar da ita, ko ya kasa sa ta nuna dalilin kowane hukunci, bai cancanci a ba kayansa iko a kan asusun kowa ba.

Bayan an kunna, rahoton da ke zuwa gaban daraktoci ya ƙunshi layi biyu da ba a saba sawa ba: adadin asusun da aka toshe aka gano ba su da laifi, da tsawon kwanakin da kowannensu ya yi a rufe. A kuma tanadi lambar waya da ake ɗauka ranar Asabar, mai ɗaukar ya iya Hausa ko harshen da kwastomomin yankin ke yi, kuma a ba shi ikon cire PND da kansa idan ya gamsu, ba ikon rubuta ƙorafi ya tura hedikwata kawai ba.